Zauren Shawara: Akwati da mabuɗinsa ba su shiga mota ɗaya

  

An yanke gero, an ɗaure dammuna, wake ya shiga buhu. Yanzu samarin Ɗanciyau da ƙauyukanta sun fara ɗaure kayan cin rani. Wasu za su Kano, wasu Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya. Nan da wata biyu kuɗi za su fara zuwa gida. A da direba ake ba, ko wani ɗan gari mai komawa. Yau yawancinsu ta salula suke zuwa, ko ta ofishin aika kuɗi. Abin da ke tsakanin mai gida da kuɗinsa ƴan lambobi ne kawai, kuma sau da yawa wanda ya riƙe lambobin nan shi ke da kuɗin.

Don haka tambayarmu ta wannan wata ita ce: yaya mutum biyu da ke nesa da juna za su riƙe sirri ɗaya, na uku bai ji ba? Kada ku ce wannan maganar ƴan boko ce. Salular da ke aljihunku tana amsa wannan tambaya kullum. In kun gane yadda take yi, za ku gane inda aikinta ya tsaya, da inda naku ya fara.

Mu fara da abin da muka sani. Kakanninmu fatake in za su aiki mutum ya karɓo kuɗi wurin abokin ciniki, ba su aika shi da baki kawai. Sai sun ba shi alama. Wani zobe zai bayar, wani hula, wani kuma ya ce: ka tuna masa abin da muka yi magana a kai a gindin tsamiya ranar kasuwa. Wanda aka je wurinsa da ya ji alama sai ya buɗe jaka. In babu alama, ɗan aike ya sha fura ya koma. Su kuma yara da ƴan mata suna da zaurance. Bayan kowace gaɓa a ƙara wata, sai kuɗi ya koma kuduɗidi. Wanda ya san ƙa'ida yana ji sarai, wanda bai sani ba sai kallo.

Ga wani misali da lissafi. Wa yana gida, ƙane yana Kano. Kafin su rabu suka shirya cewa duk lambar da za su faɗa a waya, za su ƙara mata 7. Wa ya sayar da buhun riɗi 12, sai ya ce wa ƙane: na sayar da 19. Ƙane ya cire 7, ya san 12 ne. Mutanen da ke zaune a rumfa sun ji 19, ba su san gaskiya ba. Wannan 7 ita ce mabuɗi. Da ita aka kulle magana, da ita kuma aka buɗe. Masana na'ura suna kiran irin wannan kulli mai mabuɗi ɗaya, don abin da ke hannun mai aikawa shi ne ke hannun mai karɓa.

Amma ku lura da abu biyu. In wani a rumfar ya ga an loda buhu 12 a mota, kuma ya ji an ce 19, ya gano 7. Daga ranar duk maganar wa da ƙane a tafin hannunsa take, su kuwa ba su sani ba. Ke nan mabuɗi yana tsufa, dole a riƙa sake shi. Na biyu ya fi wuya. In wa yana son sake mabuɗi, ƙane kuma yana Kano, ta ina zai gaya masa sabon? In ya faɗa a waya, kunnen da yake gudu shi zai fara ji. Wannan ita ce matsalar gaba ɗaya, kuma ta daɗe tana damun sarakuna da sojoji.

KWAƊO BA SIRRI BA NE

Kwaɗon da ke ƙofar rumbunka, akwai irinsa ɗari a kasuwar Magarya. Kowa na iya saye ya fasa ya ga cikinsa. Wannan bai dame ka ba, muddin mabuɗinka na wuyanka. Wani malami mai suna Auguste Kerckhoffs ya rubuta haka a Faransa a 1883: a ɗauka abokin gaba ya san dabarar kullewa duka, mabuɗi kaɗai za a ɓoye. Har yau a kan wannan ake tafiya.

Kullin da kuwa ba shi da ƙarfi. Yuliyas Kaisar na Rum yana rubuta wa mutanensa wasiƙa, kowane harafi ya matsar da shi gaba da uku. Zaurance ne na rubutu. A ƙarni na 9, a Bagadaza, malam Alkindi ya nuna yadda ake karya irin wannan. Ya ce a ƙirga haruffa. A Larabci alif da lam sun fi kowane yawa, don haka alamar da ta fi yawa a wasiƙar sirri da wuya ta zama wani abu dabam. Mu ma da Hausa, ku duba shafin nan ku ga yawan harafin a. Ko an sa masa rawani za a gane shi.

Kullin yau dabam ne. Wanda aka fi aiki da shi a duniya sunansa AES, an tsayar da shi a Amurka a 2001. Dabararsa a fili take, duk mai so ya karanta. Amma yawan mabuɗan da zai iya ɗauka, in za a rubuta shi, lamba ce mai gurbi 39. Jika ɗaya gurbi 4 ce kawai, miliyan gurbi 7. Ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko da ya tara na'urorin duniya. Shi ya sa ɓarawon zamani ba ya wahalar da kansa da kwaɗo. Mabuɗi yake bi, kuma ya fi samunsa a hanya, lokacin da ake miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan.

HANNU DA HANNU

Hanya ta farko ita ce ta kakanni: a haɗu a miƙa. Manyan ƙasashe ma haka suka yi. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ja layin gaggawa tsakanin Washinton da Mosko, don kada rashin fahimta ya jawo yaƙi. Saƙo yana bin waya, amma mabuɗan ba su bin wayar. Kowace ƙasa tana shirya nata, ta kai wa ɗayar ta hannun ofishin jakadancinta. Kowane mabuɗi sau ɗaya ake aiki da shi, a jefar.

A yaƙin duniya na biyu Jamusawa suna da injin kulle saƙo mai suna Enigma. Kowace rana da nata mabuɗin, an buga su cikin takardu ana raba wa rundunoni. Na sojan ruwa da tawada mai narkewa aka buga, don in jirgi zai nutse ruwa ya wanke sirrin. Duk da haka a watan Mayu na 1941 Ingilishi suka kama jirgin ƙarƙashin ruwa mai lamba U-110 bai nutse ba, suka kwashe takardun. Injin yana nan da ƙarfinsa, amma mabuɗi ya shiga hannun wani.

To, ku ciro salularku ku buɗe bayanta. Ɗan sim ɗin nan da bai kai farce ba, mabuɗi ne. A cikinsa an rufe wata doguwar lamba. Irinta sak tana ajiye wurin kamfanin waya, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Ranar da ka sayi sim, ranar aka miƙa maka mabuɗinka hannu da hannu. Abin sha'awa shi ne, lambar nan ba ta taɓa fita cikin iska. In salula ta nemi rezo, kamfani ya jefo mata wata lamba sabuwa, kamar mai yin kacici-kacici. Sim ya haɗa ta da sirrin da ke cikinsa ya mayar da amsa. Kamfani shi ma ya yi lissafin da nasa. In amsa ta zo ɗaya, ya san kai ne. Gobe wata tambaya za a yi, don haka wanda ya saci amsar yau bai samu kome ba. Daga wannan lissafin kuma ake cire wani mabuɗi na ɗan lokaci, wanda ke rufe muryarka tsakanin salula da dogon ƙarfen rezo.

Ko wannan ma an yi farautarsa. A 2015 takardun da Edward Snowden ya fitar suka nuna ƴan leƙen asirin Amurka da Ingila sun bi mabuɗan sim a 2010 da 2011, lokacin da ake aika su daga masu ƙerawa zuwa kamfanonin waya. Kamfanin Gemalto mai ƙera sim ya yarda an kai masa hari, amma ya ce ba a kwashi masu yawa ba. Ku dai lura da inda suka yi kwanto. A hanya.

Tun da sim mabuɗi ne, ga shawara tun ba mu yi nisa ba. Mutane da yawa a ƙauyukanmu sim ɗinsu da katin ɗan ƙasa na wani aka rubuta shi, don ranar saye ba su da nasu. Ranar da ya ɓace, ko aka sace, mai sunan ne zai iya zuwa a sake masa, da kuɗin da ke ciki. Wanda bai da kati ya nema, ya mai da layinsa sunansa.

KWAƊO BIYU A AKWATI ƊAYA

Hannu da hannu yana da kyau, amma ba kullum yake yiwuwa ba. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, mun ga yadda zuwa Babura ko Maigatari ya koma aiki. Kuma salularka tana magana da mutanen da ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Yaya za a yi?

Ku saurari wannan dabara. Wa yana son aika wa ƙane mabuɗin sirri cikin akwatin ƙarfe, kuma bai yarda da direba ba. Ya sa abin a ciki, ya ɗana kwaɗonsa, ya riƙe mabuɗin kwaɗon a gida. Akwati ya isa Kano. Ƙane ba ya iya buɗewa, kuma ba ya ƙoƙari. Sai ya ƙara nasa kwaɗon a gefen na wansa, ya mayar. Akwati ya dawo Ɗanciyau da kwaɗo biyu. Wa ya cire nasa, ya sake aikawa. Yanzu saura na ƙane kaɗai, ya buɗe abinsa. Sau uku akwati ya shiga mota, ko sau ɗaya bai tafi a buɗe ba, kuma ba mabuɗin da ya hau mota.

Wannan misali ne, don ku yarda abin yana yiwuwa. Na'ura ba ta da kwaɗo, lissafi gare ta. A 1976 wasu masana biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka bayyana wata hanya da mutum biyu za su samu lamba ɗaya ta sirri alhali duk maganarsu a bainar jama'a suke yinta. Ma'aikatan sirri na Ingila sun riga su gano irinta da ƴan shekaru, amma aka hana su faɗa, sai a 1997 duniya ta ji.

Ƴan ajin yaƙi da jahilci, ku ɗauko allo. Wannan lissafi bai fi ƙarfinku ba, ninkawa ce da rabawa.

Wa da ƙane suka yarda da lambobi biyu a gaban kowa: 2 da 11. Ƙa'ida ita ce, duk abin da aka samu a raba shi da 11, a riƙe saura kawai.

Wa ya zaɓi lamba a zuciyarsa, bai gaya wa kowa ba, har ƙanen. Ya zaɓi 4. Ya jera 2 sau huɗu ya ninka: 2 × 2 × 2 × 2 = 16. Ya raba da 11, saura 5. Ya ɗaga murya ya ce: 5.

Ƙane shi ma ya zaɓi tasa a ɓoye, 3. Ya yi 2 × 2 × 2 = 8. Takwas ba ta kai 11 ba, ita ce saura. Ya ce: 8.

Yanzu kowa ya ɗauki abin da ɗan uwansa ya faɗa, ya jera shi daidai yawan lambar zuciyarsa. Wa ya ji 8, lambarsa 4: 8 × 8 × 8 × 8 = 4096. A raba da 11, an samu 372, saura 4. Ƙane ya ji 5, lambarsa 3: 5 × 5 × 5 = 125. A raba da 11, an samu 11, saura 4.

Kun gani? Wa yana da 4, ƙane yana da 4. Ba wanda ya furta ta. Mai sauraro ya ji 2, da 11, da 5, da 8, amma bai ji abin da suka samu a ƙarshe ba. Wannan 4 ta ƙarshe ita ce sabon mabuɗinsu, za su sa ta a madadin tsohuwar 7.

Wani mai wayo zai ce: ai in na zauna na gwada, zan gano lambar da wa ya ɓoye. Gaskiyarka, don 11 ƙarama ce. Na'ura kuwa tana aiki da lamba mai gurbi fiye da 600. Yin gaba da sauƙi, komawa baya ne ya gagara. Kamar a zuba tiyar gero cikin tiyar rairayi. Yaro ma zai iya haɗawa, amma wa zai tsince?

WhatsApp da yawancinmu ke aika saƙon murya da shi, wani reshe na wannan dabara yake bi. Tun watan Afrilu na 2016 kamfanin ya rufe saƙonnin mutane duka ta haka. Salularka da ta ɗanka su ke shirya mabuɗi tsakaninsu, kuma kowane saƙo da sabon mabuɗinsa. Kamfanin kamar direban nan ne, yana ɗauke da akwati bai ga cikinsa ba.

INDA BANGO YA TSAGE

Yanzu mu koma wurin direban. A ce mugu ne, kuma yana da wayo. Wa ya ba shi akwati da kwaɗo ɗaya. Bai kai Kano ba. Ya tsaya a Tinkim, ya sayi nasa kwaɗon ya ɗana, ya juyo ya ce: ga shi, ƙanenka ya sa nasa. Wa ya ga kwaɗo biyu, ya yi murna, ya cire nasa. Direba ya koma bayan gari ya buɗe akwati da mabuɗinsa. Ba a fasa ƙarfe ba, ba a karya dabara ba. Abu ɗaya ya faru: wa bai san kwaɗon ƙanensa ba.

Wannan shi ne ramin da ke cikin lissafin 1976. Yana tabbatar maka cewa kai da wani kun riƙe sirri ɗaya. Ba ya gaya maka ko wane ne wanin. Duk ƙarfin kulli, in da ɓarawo ka ƙulla, ɓarawo ka tsare wa sirri.

Masu na'ura sun san da haka. A WhatsApp, in ka taɓa sunan mutum ka shiga wurin da aka yi maganar rufe saƙo, za ka ga lambobi 60. In kuna tare, ku jera salula biyu ku duba. In lambobin sun zo ɗaya, ba kowa a tsakaninku. Wannan shi ne ganin kwaɗon ɗan uwanka da idonka kafin ya tafi. In ya sake salula lambobin za su sake. Ni a ganina ba kowa zai iya wannan ba, kuma ba kowace hira ta cancanci wahalar ba. Amma dillalin da ke aika saƙon kuɗin shanu goma, minti biyu ba su yi masa yawa ba.

Ga yawancinmu, direban nan ba cikin na'ura yake ba. Mutum ne mai daɗin baki da ke kira da magariba. Ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe layinka in ba ka faɗi lambobi huɗu na asusunka ba. Ko ya ce ka ci kyauta. Ko ya ce ya yi kuskure an turo maka wasu lambobi shida, don Allah ka karanto masa. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, ya zama kai. Zai bi ƴan uwanka ɗaya ɗaya da sunanka da hotonka, yana cewa kana asibiti a aiko da jika ashirin. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka, don ba ya bukatarta. Duk wanda ya tambaya ya riga ya gaya maka sana'arsa.

Da muna cewa ai na san muryar ɗana. Yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum in ta samu ɗan abin da ya faɗa. Ko babu ita ma, rezo mara kyau da kuka da tsoro sun isa su ruɗe uwa.

To me ya rage? Alamar kakanni. Kuma lokacinta yanzu ne, kafin yaro ya hau mota, don yanzu ne kaɗai kuke hannu da hannu.

Malam mai gida, ka kira ɗanka cikin ɗaki, kai da shi da mahaifiyarsa. Ba a zaure ba, inda baƙi ke shiga. Ku shirya tambaya da amsa. Kada amsar ta zama abin da gari ya sani, kamar sunan kakansa ko sunan gonarku. Ta zama abin da bai dace da tambayar ba ma. A ce: me aka shuka a fadama bana? Ya ce: farin raƙumi. Duk wanda ya kira da sunansa yana neman kuɗi, ko ya ce a sake inda ake aikawa, a yi masa tambayar. Kai ne mai tambaya, kada ka taɓa faɗin amsar don ka tuna masa. Ku shirya guda uku ko huɗu, wadda aka yi aiki da ita a jefar da ita, kamar yadda aka yi tsakanin Washinton da Mosko. In sun ƙare, sai ya dawo da damina ku sake wasu. Makiyayi mai tafiya da garke kudu shi ma ya bar irin wannan wurin mai ɗakinsa da wurin dillalinsa.

Sai maganar kuɗin kansu. A ofisoshi irin su NITA, Amana da Al Izza, mai aikawa yana ba da sunan mai karɓa, a ba shi lamba. Mai karɓa ya je da lambar da katinsa. Lambar nan mabuɗi ce, katin kuma shi ne sanin kwaɗo. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki hoton takardar duka, ga suna, ga yawan kuɗi, ga lamba, a tura wa wani maƙwabci mai babbar salula don ya kai gida. Wani ma cikin zauren WhatsApp na ƴan gari yake sakawa, mutum ɗari suna gani. An sa akwati da mabuɗi a mota ɗaya ke nan. Ku raba musu hanya. Labarin cewa kuɗi sun taso ya bi ta maƙwabci in dole ne. Lambar kuwa a faɗe ta kunne da kunne ga mai ita, ta rubuta da hannunta.

Na ce ta rubuta, don sau da yawa mata ne ke karɓa. Inna, ke da kike zuwa aji da yamma bayan kin sauke tukunya, ga amfanin wahalarki. Wadda ta san 0 zuwa 9 ba ta bukatar miƙa salularta ga yaron unguwa ya karanta mata. Ba cewa muke yaron ɓarawo ne ba. Amma sirrin da ya shiga kunne uku ya fara tafiya, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A 2009 da 2010 an koyar da karatun manya tare da salula a wasu ƙauyukan Dosso da na nan jihar Damagaram, aka ga waɗanda suka koya da salula sun fi riƙe karatu da lissafi. Dalili a fili yake, kullum suna da abin karantawa a hannu.

A farkon 2023, da Najeriya ta sake takardun naira kuɗi suka yi wuya, masu kai dabbobi kasuwannin iyaka da yawa sun karɓi kuɗinsu ta waya ba don suna so ba. Wanda bai da asusu ya ari na wani. Wanda bai iya karatu ba ya dogara da bakin mai saye cewa kuɗi sun shiga. Saƙon da mai saye ya nuna maka a salularsa ba shaida ba ce, kwaɗonsa ne. Shaida ita ce ka shiga asusunka da lambarka ka ga abin da ya ƙaru, kafin a kwance igiyar sa.

Lambobi huɗun asusu kuwa, kada su zama 1234, ko 0000, ko ƙarshen lambar wayarka. Waɗannan ɓarawo ke fara gwadawa. Kada a rubuta su a takarda a cusa bayan salula, wannan ɗaure mabuɗi ne a jikin kwaɗo. In ka kai salula caji ranar kasuwa, kashe ta. In za ka danna lambar gaban mai shago, ka danna da kanka, ka kare da hannu, ba rashin kunya ba ne. In ka taɓa gaya wa wani don wata lalura, lalura ta wuce, sake ta a ranar. In kuma abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru. Je ofishin kamfani a rufe layin, ka sanar da jandarma, ka aika a gaya wa ƴan uwa kada su amsa saƙon da ya zo da sunanka.

Malaman aji, ga aikin wannan wata. Ku raba ɗalibai biyu biyu, na uku ya zauna tsakani yana sauraro. Lambobin fili su ne 2 da 13, wato da 13 za a riƙa rabawa. Na farko ya ɓoye 5, na biyu ya ɓoye 2. Kowa ya yi lissafinsa a allonsa, ya faɗi saura da ƙarfi, sannan ya yi zagaye na biyu. Ku aiko mana da lambar da suka haɗu a kanta, da sunan ƙauyenku. Amsa tana fitowa a jaridar wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, tare da bayanin yadda ake neman katin ɗan ƙasa.